Daga Kafin Madaki zuwa Burmi, da mayaƙan haya a cikin jaka

Ɗan ƙanwata yana karatun akanta a Bauchi, amma rabin hankalinsa yana wata masarauta da babu ita a doron ƙasa. Shi ya ƙirƙire ta. Ya zana taswirarta a bayan tsohuwar kalanda, ya ba ta kogi da duwatsu da birane bakwai masu ganuwa, ya jera mata sarakuna da hakimai. A tsakiyar labarin akwai wata ƙungiyar mayaƙan haya, mutum dubu biyu, da shugabansu, da ma'aji, da magatakarda mai rubuta yarjejeniya. Duk sarkin da ya ajiye kuɗi sai su yi masa yaƙi, in wani ya ɗara shi su koma can.

Rubutun yana da daɗin karatu, wannan ba na musu. Amma na ce masa mutanen nan nasa Turawa ne ya naɗa wa rawani. Bai ji daɗi ba. Ya ce ai ba daga wasan kwamfuta kaɗai ya samo su ba, ya karanta tarihin Italiya, inda birane irin su Fulorans suka riƙa ɗaukar rundunoni haya da takarda a rubuce, har wani shugaban irin waɗannan mayaƙa, Francesco Sforza, ya wayi gari shi ne mai mulkin Milan a 1450. Na ce gaskiya ne, sai dai masarautarka gero take ci, da wuri take ciniki. Da na sami hutu bayan kaka sai na je Bauchi na ce ya ɗauko littafinsa mu zaga.

A cikin gari ba mu daɗe ba. Mun ci masa da miyar taushe a kusa da Wunti, muka bi ta Ƙofar Ran, muka leƙa Ƙofar Nasarawa da Ƙofar Wambai. Ganuwar da Yakubu ya kewaye garin da ita bayan ya kafa shi a 1809 ta zube a wurare da yawa, gidaje sun hau kanta, sunayen ƙofofin ne suka fi ginin ƙarko. A tsaye a ƙofar fada na tambaye shi: Yakubu, Bageren da ya karɓo tuta daga hannun Shehu Usmanu, wanda a 1827 ya tare rundunar Shehu Laminu na Borno da ta nufo Kano ya mai da ita baya, nawa yake biyan dakarunsa a wata? Ya yi shiru yana lissafi. Babu abin lissafawa. Wasu almajiransa ne, wasu dangi, wasu bayin sarki, wasu barorin hakimai ne da ubangidansu ya ba su doki da riga, wasu kuma sun biyo ne don ganima. Ita ma ganimar da ƙa'idarta, duk wanda ya sauke Risala ya san ta: a fitar da humusi, wato kashi ɗaya cikin biyar, sauran a raba, mai ƙasa kaso ɗaya, mai doki kaso uku, ɗaya nasa biyu na dokin. Wanda aka ɗauko haya don hidima kuwa ba shi da kaso sai in ya yi yaƙin da hannunsa. Wannan ya rubuta shi da sauri, don shi ne karo na farko da ya ji ɗan haya a littafin da ya karanta a makarantar allo bai lura ba.

Kafin Madaki tana kan hanyar Ningi, tafiyar da ba ta kai awa ba. Can ne na fi so ya gani, don nan ne za a gane yadda sarki ke biyan babban mayaƙinsa. Madaki shi ne shugaban barade. Da mutanen Ningi suka matsa wa Bauchi, wato jama'ar da Malam Hamza ya fara tarawa a duwatsu bayan ya baro Tsakuwa ta ƙasar Kano a shekarun 1840 kan rigimar haraji, sai aka girke Madaki a nan arewa ya zama garkuwa. Gari aka ba shi, da gonaki, da talakawan da za su noma. Gidan da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masa wajen 1860 yana nan tsaye, kuma tun 1956 aka sa shi cikin kayan tarihin ƙasa. Shi ne dai maginin da ya yi masallacin Juma'a na Zariya.

In ka shiga daga zafin rana sai ka ji sanyi ya dafa maka kafaɗa. Kaurin bangon ya fi tsawon hannuna. Sama kuma bakan gizo ne na laka suka taso daga bango suka haɗu a tsakiya, an jera azara a tsakaninsu, babu ƙarfe babu siminti. Yaron ya ɗaga kai har hularsa ta faɗi. Na ce masa ka ga, wanda ya gina wannan ba ya shirin tashi gobe don wani sarki ya ƙara masa kuɗi.

A bakin ƙofa wani dattijo yana zaune a kan buzu yana gyara carbi da ya tsinke. Muka gaisa, ya tambayi abin da ya kawo mu, yaron ya ɗan ba shi labarin ƙungiyarsa yana jin kunya. Dattijon ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, “To ɗan nan, su dubu biyun nan naka, da damina wa ke ciyar da su?”

“Baba, ai suna da kuɗin da suka samu.”

“Kuɗi ake tuƙawa a tukunya?”

Tambayar nan ita ta bi mu har ƙarshen tafiyar. Yaƙin da na rani ne. Sai an yi girbi, rumbuna sun cika, rafuka sun janye, ciyawa ta bushe, sannan a buga tambari. Ruwa na sauka kowa ya koma gona, kogi ya hana ƙetarawa, doki ya shiga kurmi tsando ya cije shi ya kamu da sammore. Wata biyar ko shida babu mai neman mashi. Mutum dubu biyu da dawakinsu, ba gona ba rumbu, ko dai su watse ko su koma cin ƙauyukan da aka ɗauke su su tsare. A motar komawa yaron ya fito da biro, abin nasa ya motsa. Ya ce a ɗauka wuri ɗari ake ba kowa a rana, dubu ɗari biyu ke nan. Keso ɗaya wuri dubu ashirin ne, kenan keso goma kullum ta Allah. Ya ce, “Kawu, ai jakunan da za su ɗauko albashi sun kusa kai rundunar yawa.” Ya ja layi ya soke ma'ajin nasa, daga baya ya mai da shi, ya ce zai zama mai tsaron rumbu.

Washegari muka kama hanyar Gombe. Bayan gadar Dindima, inda hanyar Yankari ta ratse, kafin mu kai Alkaleri, ya riga ya sake wa ƙungiyar tarihi, yana faɗa mini da ƙarfi don iskar taga. Yanzu asalinsu 'yan rakiyar ayari ne. Fatake masu zuwa sayo goro suna tafiya a ƙarƙashin madugu, da jagaba a gaba, su kuma waɗannan maharba ne da 'yan baka da ake ba wa wani abu daga kowane kaya don su kwana ba barci. Mutum arba'in ne kawai, shugabansu Sarkin Baka ne, kamar yadda maƙera ke da Sarkin Maƙera, mahauta ke da Sarkin Pawa. Sai sarki ya rasu, 'ya'yansa biyu suka ja daga. Ƙaramin, wanda hakimai ba sa so, ya aika wa madugu a asirce ya ara masa mutanen. Ya ci sarauta. Da aka zo biya baitulmali wayam, sai ya yanka musu fadama a bakin iyaka, ya ce ku noma, ku tsare mini wannan kusurwar. Suka yi kafi, suka yi aure, bayi masu gudu da 'ya'yan sarauta da aka kora suka riƙa zuwa suna fakewa a wurinsu. Kafin jikoki su tasa, ba a naɗa sarki sai an aika an ji ta bakinsu.

Wannan ya fi na farko nesa ba kusa ba, kuma na gaya masa yana da ɗan'uwa a tarihi. Da aka ci Birnin Gazargamu, babban birnin Borno, a 1808, Mai na Borno ya nemi taimakon Shehu Laminu da mutanensa, Kanumbu masu mashi da Larabawan Shuwa. Shi malami ne, ba ɗan haya ba, kada a yi mini mummunar fahimta. Amma yadda abin ya gudana ɗaya ne: aka saka masa da ƙasa, ya gina Kukawa a 1814, Mai ya koma sarkin suna, a 1846 kuma ɗansa Umar ya rufe babin gidan Saifawa, wato gidan sarautar Mai, gaba ɗaya.

Direbanmu mutumin Gombe ne, tun Dindima yake jin mu, har tambayar dattijon Kafin Madaki ya ji, bai ce uffan ba. Sai da muka wuce Bara ya dube ni ta madubi. “Bappa, duk wannan wahalar ta mene ce? In mayaƙan haya yake nema ai ga 'yan Kalare nan a garinmu, ku ma ga Sara-Suka a Bauchi. Lokacin zaɓe a saya musu babur da ƙwaya, kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. An gama zaɓe a kashe waya. To ranar za ka ga abin da Baban nan ya tambaya.” Fasinjoji suka ɗauka, kowa da labarin wayar da aka ƙwace masa ko ɗan unguwarsu da aka sara. Wata mata a baya ta ce ita tausayinsu take ji, don ta san uwar ɗaya daga cikinsu. Yaron bai rubuta komai ba a lokacin, amma da dare a masauki na ga ya buɗe sabon shafi ya sa masa kai: shekarar da aka yi sulhu.

Gombe kwana kawai muka yi. Garin ma ba shi ne na Bubayero, wanda ya kafa masarautar, ba. Nasa Gombe Abba ne, can bakin Gongola ta wajen Dukku. Turawa ne suka ɗauke fadar zuwa Nafada a 1913, sannan zuwa Doma a 1919, inda take yanzu. Da sassafe muka shiga motar Bajoga, muka bi ta Malam Sidi, tirelolin simintin Ashaka suna ta wuce mu suna bulbula mana ƙura. Daga Bajoga babura muka hau zuwa Burmi.

Wanda bai san abin da ya faru a Burmi ba zai iya wucewa ya ɗauka gonaki ne kawai. Karan dawa a tsaye, wasu tuddai-tuddai na ƙasa, itatuwa jefi-jefi, sai kaburbura. Gari ne mai ganuwa a da. Malam Jibrilla Gaini, mai bin da'awar Mahdi, shi ya mai da shi sansani, ya gagari masarautar Gombe, har Sarki Zailani ya rasa ransa a yaƙi da shi a 1888. Turawa suka kama malamin a 1902, shekarar da suka shiga Bauchi, suka kai shi Lakwaja. Mutanensa suka ci gaba da zama. Da Kano ta faɗi a Fabrairun 1903, Sakkwato ta bi baya ranar 15 ga Maris, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya ɗaura niyyar hijira gabas, jama'a suka riƙa barin gonakinsu suna bin sa. Nan ya ƙare. A watan Mayu Turawa suka kawo hari aka kore su. Ranar 27 ga Yuli suka dawo da igwa da bindiga mai ruwa. Aka wuni ana yi. Attahiru ya yi shahada tare da ɗaruruwan mutane, shi ma kwamandan Turawan, Manjo Marsh, kibiya ta same shi ya mutu. Ɗan Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya ja ragowar jama'a har Sudan, garin da suka kafa a bakin kogin Nilu yana nan da sunansa.

Muka yi addu'a a kabarin Sarkin Musulmi. Na Baturen ma yana nan a filin, ba nisa. Sai na ce wa yaron, to ga ƙungiyarka, ka gan ta. Ya waiga yana neman abin da nake nufi. Na ce waɗanda suka harba bindigogin nan su wane ne? Turawan cikin rundunar 'yan ƙalilan ne, hafsoshi. Sauran baƙar fata ne, kuma da yawansu Hausa suke ji, da Hausa ake ba su umarni. Rundunar da Lugga ya haɗa a 1897 ke nan, kuma tana da duk abin da yaron ya rubuta a daftarinsa na farko: albashi a ƙayyade, rajista, mai biya, wa'adin shekaru, kaki iri ɗaya. Rani da damina ana biya, don kuɗin ba daga rumbun wani hakimi yake fitowa ba. Abin da dattijon Kafin Madaki ya tambaya, Bature ne ya zo da amsarsa a cikin akwatin ƙarfe.

Yaron ya ɓata rai. Ya ce maciya amana ne, ba ya son su a littafinsa. Nan muka yi gardamar da ta fi kowace zafi, muna tsaye a rana, 'yan acaɓarmu suna jiranmu a inuwa. Na ce masa tushen rundunar nan tun 1863 ne a Legas, lokacin da wani hafsan Ingila mai suna Glover ya tara wasu Hausawa ya ba su bindiga, kuma akasarinsu bayi ne da suka tsere wa iyayen gijinsu. Sojan Najeriya na yau daga nan yake ƙirga shekarunsa. Mutumin da aka kama yana yaro a wani hari, aka sayar da shi kasuwa uku kafin ya ga teku, amanar wa ya ci? Wane sarki ne ya taɓa tambayar inda yake? Ban ce dukkansu haka suke ba. Akwai wanda kwaɗayin sule ne kawai ya kai shi, akwai wanda ya shiga don ya sami bindigar da zai ƙwaci akuyar talaka, kuma mutanen ƙauyukan da suka bi ta ciki ba su manta ba. Amma in ka zuba su duka a kwando ɗaya ka rubuta musu mugaye, ka yi asarar mafi kyawun abin da ke cikin labarinka. Na kawo masa Chari Maigumeri, wanda ya fara yi wa Jamus soja a Kamaru, aka kama shi, ya koma wajen Ingila, ya yi musu yaƙi har ƙasar Bama ta Asiya, yau ga barikin soja da sunansa a Lakwaja. Na ce wannan a wane kwandon za ka sa shi?

Ya ce shi dai ya san a gefen da zai tsaya da yana nan ranar. Na ce ni ma na sani, ko ina fatan na sani. Waɗanda suka mutu a cikin ganuwar nan ba wanda ya yi musu alkawarin ko wuri ɗaya, wasu ma da sanda suka fito. Amma marubuci ba ya tsayawa a gefe ɗaya ya bar ɗayan babu fuska. Bai amsa ba, ya tafi can wajen tuddan shi kaɗai ya daɗe yana zagawa. Da ya dawo ya ce ya san yadda ƙungiyar za ta ƙare. Wani baƙo zai zo daga bakin teku da kuɗin ƙarfe. A lokacin an shekara goma da sulhu, fadamar ta yi wa jikoki kaɗan, samari suna zaune. Rabi za su karɓi kuɗin, rabi su ƙi. Za su haɗu a gari na bakwai, waɗannan a waje waɗancan a ciki, kuma duk kirari ɗaya suke yi, don kakansu ɗaya.

A tashar Bajoga muka sami motar Gombe saura mutum biyu. Kusa da yaron wani tsohon soja ne, ya ce ya yi Laberiya a zamanin ECOMOG, yanzu kiwon awaki yake yi. Ya ga littafin ya tambaya, aka sake ba da labari daga farko. Shi bai damu da sarakunan ba ko kaɗan. Ya ce, “Samari, in an kashe mutum a ƙungiyar nan taka, wa ke zuwa ya gaya wa matarsa? Kuma me yake riƙe da shi in zai je?”

Babu wannan a littafin. Nan take suka hau tsarawa. Doki da sulke su koma wa ƙungiya, a kan wannan ba su yi musu ba. Takobi na ɗan fari ne in namiji ne. Mai kai labari kuwa sojan ya ce dole ya zama wanda suka ci a akushi ɗaya da mamacin, ba wani ɗan aike ba, kuma kada ya je da dare. Yaron ya ce za a ba matar hatsi daga rumbun ƙungiya har kaka biyu. Sojan ya ce biyu ta yi kaɗan, in tana da goyo fa? Uku. Yaron ya ce rumbun ba zai ɗauka ba, ya juya bayan shafi ya fara yi masa lissafin dami nawa fadamar ke bayarwa. Sojan ya ce a rage abincin dawakin manya. Wani malamin makaranta a gaba ya juyo ya ce ai ba a yi maganar marayu ba tukuna. Har muka wuce Malam Sidi ba su daidaita ba, sojan ya sauka a hanya yana cewa ta taga shi dai bai yarda da ƙasa da uku ba.